MDOU MOCTAR: Daga situdiyon Sakkwato zuwa dandalin duniya

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san muryar nan da ake tacewa da kwamfuta har ta riƙa karkarwa. To, ko kun san da irin wannan salon wani makaɗin jita ya fara, wanda Turawa ke kwatanta shi da Jimi Hendrix?

Sunansa Mahamadou Souleymane, amma an fi saninsa da Mdou Moctar. Ba'abzine ne ɗan Jamhuriyar Nijar, kuma bahago ne. Gidansu ba a son kiɗa, don haka da kansa ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke.

A 2008 ya shigo Sakkwato, ya ɗauki albam ɗinsa na farko, "Anar", a salon waƙoƙin finafinanmu. Waƙoƙin ba su bi ta kasuwa ba. Daga waya zuwa waya aka riƙa tura su har suka ƙetara Sahara. Can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su, ya shiga cigiyar mai su. Shi ne ya ba da umarnin fim ɗin da Mdou ya fito a matsayin jarumi a 2015, wanda aka ɗauka a Agadas bisa tsarin labarin "Purple Rain" na Prince.

Sai a 2019 ya fitar da "Ilana", albam na farko da ya yi a situdiyo da cikakkiyar ƙungiya. Nan fa aka ji aiki! Jita na kuka, ganga na dukan ƙirji, kai ka ce kiɗan rok na shekarun 1970 ne ya dawo, amma tushen na Abzin ne. "Afrique Victime" ya biyo baya a 2021.

Abin tambaya ga matasan Funtuwa da Malumfashi shi ne: wannan yanki ne gidan Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013. Kalangun nan da ƙwaryar nan suna nan, amma fiyano ya cinye situdiyo. Mdou ya ari salonmu, ya koma ga kiɗan gidansu, duniya ta saurare shi. Wa zai shiga situdiyo da namu?