Wasannin Intanet na Taron Jama'a: Ina Suka Dosa, Kuma Me Ya Shafi Uwa?

Iyaye mata da dama sun sha jin wannan amsa idan suka kira yaro cin abinci ko aike: "Mama, ba a tsayar da shi, mutane na jira na." Ba lallai ne ƙarya yake yi ba. Akwai nau'in wasan intanet da ake kira MMORPG, inda dubban mutane ke shiga duniya ɗaya a lokaci guda, kowa da jarumin da ya ƙirƙira, yana yaƙi, yana fatauci, yana haɗa ƙungiya da wasu. Ko yaro ya kashe waya, duniyar nan na ci gaba da tafiya. Abokan wasansa mutane ne na gaske, wasu a Turai, wasu a Asiya, wasu manya masu iyali.

Yaranmu sun fi sabawa da wasannin harbi irin su Free Fire da PUBG, waɗanda ake gama zagaye cikin mintuna. Amma tunda irin waɗancan dogayen wasanni sun fara shigowa waya, ya kamata uwa ta san inda suka dosa.

Zamanin da kowa ke wasa ɗaya ya wuce

A shekarar 2004 kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar da World of Warcraft. Zuwa 2010 yana da mutum miliyan 12 masu biyan kuɗin wasa. Ganin wannan garaɓasa, kamfanoni suka yi ta zuba dukiya don su ƙera wasan da zai ƙwace masa kasuwa. Da yawa sun kwashi kashinsu a hannu. WildStar ya fito a 2014, aka rufe shi a 2018. New World na kamfanin Amazon ya tara mutum sama da 900,000 a lokaci guda da fitowarsa a 2021, amma cikin 'yan watanni akasarinsu suka watse. Shi kansa World of Warcraft ya sauko zuwa miliyan 5.5 a 2015, daga nan kamfanin ya daina bayyana adadin.

Dalilin ba boyayye ba ne. Ƙera irin wannan wasa na cin shekaru da maƙudan kuɗi, kuma yana buƙatar ɗan wasa ya ba shi sa'o'i masu yawa. Wanda ya shekara biyar a wasa ɗaya, da abokansa da dukiyarsa ta ciki, ba ya barinsa cikin sauƙi don wani sabo. Ga kuma TikTok da YouTube suna rabon lokacin matasa.

Masu ƙananan jama'a ne ke daɗewa

Waɗanda suka jure su ne waɗanda suka daina neman burge kowa, suka riƙe nasu mutanen. EVE Online, na wani kamfani a Reykjavik ta ƙasar Iceland, yana nan tun 2003. Wasa ne mai wuyar koyo, na jiragen sararin samaniya da kasuwanci, har kamfanin ya taɓa ɗaukar masanin tattalin arziki aiki a 2007 don ya riƙa nazarin kasuwar cikinsa. Bai taɓa kusantar yawan jama'ar World of Warcraft ba, amma ya haura shekara 20.

Misali na biyu ya fi ban mamaki. RuneScape ya fito a Ingila a 2001. Da kamfanin Jagex ya yi ta sabunta shi, tsoffin 'yan wasa suka yi ƙorafi. A 2013 aka dawo da tsohon samfurin 2007 da sunan Old School RuneScape, zanensa na da, komai na da, kuma aka ce ba za a ƙara wani babban abu ba sai 'yan wasa sun jefa ƙuri'a sun amince da gagarumin rinjaye. Da tsohuwar zuma ake magani: wasan ya shigo waya a 2018, kuma yau ya fi sabon samfurin jama'a. Blizzard ma ta bi sahu a 2019 da World of Warcraft Classic.

Alamu na nuna cewa nan gaba za a fi ganin irin wannan: wasanni da yawa, kowanne da jama'arsa 'yan kaɗan masu tsananin riƙo, waɗanda suka san juna. Wannan sauyi yana da fuska biyu ga gidanki.

Alherinsa da haɗarinsa

A ƙaramar ƙungiya yaro na iya koyon abubuwa masu amfani: Turanci, lissafin saye da sayarwa, haƙuri, cika alkawari, da yadda ake aiki tare. Yaro mai kunya kan sami inda ake jin maganarsa.

Sai dai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Inda mutane kaɗan ne, shaƙuwa na saurin shiga, kuma hirar kan fita daga cikin wasan ta koma Discord ko WhatsApp, inda kamfanin wasan ba ya gani. A yawancin waɗannan wasanni manya sun fi yara yawa.

Haɗarin ya fi girma idan wasa ya mutu. Kamfanin Disney ya rufe Club Penguin, wasan ƙananan yara, a 2017. Wasu mutane suka buɗe kwafinsa ba da izini ba. A 2020 BBC ta gano cewa a ɗaya daga cikinsu ana tura wa yara kalaman batsa da na wariyar launin fata, aka rufe shi, 'yan sandan Landan kuma suka kama mutum guda. Ba duk kwafin magoya baya ne haka ba: masu riƙe da City of Heroes, wanda aka rufe a 2012, sun sami lasisin kamfanin a 2024. Amma dole uwa ta tambaya: wa ke tafiyar da wannan wasa?

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Wasan da jama'arsa ba su da yawa dole ya sami kuɗi daga waɗannan 'yan kaɗan. Wasu na karɓar kuɗin wata-wata, kin san iyakar abin da za a kashe. Wasu kuma kyauta ake shiga, sai a yi ta tallata wa ɗan wasa kaya a ciki. Mafi muni shi ne akwatin sa'a: ka biya kuɗi, ba ka san abin da zai fito ba. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca tun 2018. A watan Janairun 2025 kamfanin da ke da Genshin Impact ya amince ya biya dala miliyan 20 a Amurka, tare da daina sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 waɗannan akwatuna sai da izinin iyaye.

Akwai kuma masu ruɗar yara da cewa ana samun kuɗi a wasa. Gaskiya ne a lokacin da tattalin arzikin Venezuela ya durƙushe, mutane da dama sun riƙa tara zinaren Old School RuneScape suna sayarwa don ciyar da gida. Amma dokar wasan ta hana haka, ana rufe asusun wanda aka kama, kuma harkar cike take da 'yan damfara. Sannan duk abin da aka saya a cikin wasa ba mallakar yaro ba ne. Ranar da kamfani ya rufe, komai ya tafi.

Abin da za ki iya yi

Ki zauna kusa da shi ya nuna miki wasan. Ki tambayi sunansa, da sunan kamfanin, da su waye 'yan ƙungiyarsa, da inda suke hira. Yaron da ya ga ana sauraronsa ya fi saurin faɗa idan wani ya nemi hotonsa ko lambarsa.

Kada ki bar katin banki a haɗe da wayar da yake amfani da ita. Manhajar Family Link ta Google da tsarin Screen Time na iPhone na ba ki damar iyakance lokaci da hana saye sai da amincewarki.

Ku yi yarjejeniyar lokaci kafin ya fara, domin wani aikin ƙungiya kan ɗauki awa biyu ko fiye. Ya san lokacin salla, karatu, Islamiyya da barci, ya tsara wasansa a bayansu.

Ba kowane mai son wasa ne ya kamu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kamuwa da wasa a matsayin lalura a 2019, amma alamominta su ne mutum ya kasa iyakance kansa, ya fifita wasa kan komai, ya ci gaba duk da illar da yake gani, galibi har tsawon wata 12. Idan karatu ya ja baya, barci ya lalace, ya daina shiga mutane, a nemi likita.

Ke fa, wane wasa yaranki ke yi, kuma wace dabara ta yi miki aiki? Ki faɗa mana a ƙasa, wata uwar za ta ƙaru.