Kada Bashin Shanunka Ya Mutu Cikin Kwamfuta

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wani tsautsayi da ya same mu a ofishin ƙungiya ana saura 'yan makonni Sallar Layya. Magatakarda ya zo da safe ya kunna kwamfuta, sai ta shiga wani ƙara ƙas-ƙas-ƙas kamar agogon bango, allo kuma ya ƙi nuna komai. Ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, har azahar. A cikinta kuwa akwai sunayen waɗanda suka ɗauki shanu bashi zuwa Ikko da Badun, da abin da kowa ya biya da abin da ya saura, ga hotunan takardun duwan da na allurar rigakafi. Mai gyara ya ce rumbun ajiyarta ne ya mutu, kuma kunne-kunnen da aka yi ta yi shi ya ƙarasa shi. Ba don tsohon littafin da dattijon ma'ajinmu ya ƙi rabuwa da shi ba, wanda muka daɗe muna yi masa dariya a kai, da wasu kuɗin sai dai a Lahira. Ko da littafin ma sai da aka yi rantse-rantse, aka ɓata da mutanen da aka shekara goma ana cin tuwo tare. To, wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.

Wannan rumbu shi masu gyara ke kira had dis. Ɗan akwatin ƙarfe ne kamar tafin hannu. A cikinsa akwai faya-fayai masu ƙyalli kamar madubi, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wani ɗan hannu mai tsini da ke rubutu da karatu a kansu. Abin mamaki, tsinin nan ba ya taɓa faifan. Iskar juyawar ce ke ɗauke da shi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba. Na farko da kamfanin IBM na Amurka ya fitar a 1956 faya-fayai 50 gare shi, nauyinsa kusan tan guda, amma abin da yake ɗauka bai wuce hoto ɗaya ko biyu na wayar yau ba. An ƙanƙanta shi ƙwarai, sai dai har gobe abu ne mai motsi, kuma duk mai motsi yana da ajali.

Babban maƙiyinsa a sana'armu shi ne girgiza. Mu mutanen hanya ne. Yaro zai ɗora kwamfutar hannu bisa cinya a gaban tirela, daga Maraɗi zuwa Jibiya ko daga Damagaram zuwa Maigatari, yana shigar da lissafi mota na faɗawa ramuka. Duk faɗawa ɗaya tana iya sa tsinin nan ya daki faifai ya kankare shi, kuma abin da aka kankare ya tafi ke nan. Saboda haka a kashe ta sarai kafin a tashi, a jira fitilunta su mutu, a naɗe ta cikin tufafi a tsakiyar jaka, kada a aje ta ƙasan mota wajen ƙafa. Haka ɗan rumbun waje da ake jonawa da igiya: muddin yana jone kada a ɗaga shi, kada a fizge igiyar sai an umurci kwamfuta ta sake shi tukuna.

Sai zafi. Yawancin masu ƙera shi ba su yarda ya wuce digiri 55 ko 60 yana aiki ba, alhali a Afrilu da Mayu inuwa kanta tana haura 40 a wajenmu, cikin kwamfuta kuwa ya fi ɗaki zafi. Aza ta bisa katifa ko darduma yana toshe ƙofofin iskarta, barinta cikin mota a rufe ranar kasuwa kuwa ya fi wannan muni. Ƙurar hunturu da ta kara ba kasafai take shiga cikin rumbun ba, fanka take liƙewa har iska ta daina zagayawa. A kai a hure ta bayan hunturu.

Wuta ma haka. In aka ɗauke ta ana tsakar rubutu, fayil na iya lalacewa, in kuma ta dawo da ƙarfi tana iya ƙona allon da ke ƙarƙashin rumbun. A tada janareto ya daidaita kafin a jona kwamfuta, a zare ta daga bango in hadari ya taso. Akwatin batir da ake kira UPS, wanda a ƙasashen Faransanci ake ce wa ondiler, bai kai kuɗin ɗan maraƙi ba. Amma a sani amfaninsa a adana aiki a kashe lafiya, ba a ci gaba da kallon fim ba.

Kamar yadda saniya ke noƙe kai ta bar kiwo kafin ta kwanta, rumbu ma sau da yawa yana nuna alama: ƙaran da ba a saba ji ba, nauyi wajen buɗewa, fayil da ya ƙi karantuwa. Akwai manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, mai duba lafiyarsa. In ta nuna ruwan ɗorawa ko ja, a kwashe kaya tun da wuri, a fara da lissafin bashi, hotunan biki su biyo baya. In kuwa ya fara ƙas-ƙas, a kashe nan take. Kada a bubbuge shi, kada a sa shi firji kamar yadda wasu ke faɗa, kada a yarda wani ya kwance shi bisa teburin kasuwa. Masu wannan aiki a ɗaki na musamman marar ƙura suke buɗe shi, kuma ladansu sau da yawa ya fi kuɗin sabuwar kwamfuta.

Wani zai ce ai yanzu akwai sabon samfuri, SSD, wanda babu abin da ke juyawa cikinsa. Gaskiya ne, kuma mai yawan tafiya shi ya kamata ya saya, don gargada ba ta damunsa. Illarsa dai yakan mutu shiru ba sallama, kuma ciro kaya daga gawarsa ya fi wuya.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi duk wanda muka lissafa. Dattawanmu da suka ga bushiya ta 1983 da farin 1984 sun san dalilin da ya sa ba a tara dukiya duka a garke ɗaya. Lissafi ma a raba shi uku: ɗaya cikin kwamfuta, ɗaya a rumbun waje, ɗaya kuma a wani gida ko wani gari, ko a ma'ajiyar intanet irin Google Drive. Kwafin da aka aje a wani sashe na kwamfutar ba kwafi ba ne, domin C da D galibi faifai guda ne aka raba. Wanda aka bari jone kullum kuma, tsawar da ta kashe uwa ita za ta kashe ɗa, ɓarawo ma tare zai kwashe su. Filas da memori na araha a yi hattara da su, jabu sun yi yawa. Kuma lokaci-lokaci a buɗe kwafin a wata kwamfuta a tabbata yana karantuwa.

Mu dai a ofis yanzu duk yammacin ranar kasuwa sai an kwafa kafin a rufe ƙofa, shugaba ya tafi gida da rumbu ɗaya. Ƙarshen wata a buga lissafin bashi a takarda, mai bashi da wanda ake bi su sa hannu gaban shaidu. Ma'aji kuma mun saya masa sabon littafi mai bango mai kauri.