Maganin tsutsa: kafin lantarki ya iso, a gyara hannu

Wani makiyayi daga wajen Dungas ya tare ni a kasuwar Magariya, ransa a ɓace. Sau biyu ya ba awakinsa maganin tsutsar ciki tun faɗuwar damina, amma zawo bai tsaya ba, ga rama. "Malam likita, ko dai na jabu aka sayar mini?" Yana yiwuwa. Amma da na tambaye shi yadda ya ba su, sai na ga inda gizo ke saƙar.

Ba duk maganin da aka haɗiye ne ke ratsa hanji ya shiga jini ba. Matsalar nan har masana ta dama. A 2019 wasu masu bincike a Amurka suka gwada ɗan ƙaramin ƙarfin lantarki don tura maganin ciwon suga ta bangon hanji, kuma ya yi aiki a jikin ɓeraye. Abin sha'awa ne, sai dai bai iso garke ba, kada wani ya zo muku da na'ura yana cika baki.

Namu gyaran yana hannunmu. Albendazol, wanda kuka fi sani, yana son ya sauka a tumbi ya daɗe, yana fita kaɗan-kaɗan. In aka zuba shi a bakin leɓe, yakan tsallake tumbi ya wuce da sauri. A kai shi can bayan harshe, a hankali, kada dabba ta shaƙe. A hana ta kiwo daren da za a ba ta da safe, amma a bar mata ruwa: cikin da bai cika ba ya fi riƙe magani. Ban da mai tsohon ciki da marar ƙarfi. Wadda ba ta daɗe da ɗaukar ciki ba kuwa, kada a ba ta albendazol sam, yana iya lahanta ɗan.

Abokina na Dungas ƙwaya ɗaya yake rabawa akuya uku, don tattali. Nan ne babbar asarar: tsutsar ba ta mutu ba, ta ma saba da maganin. Akuya kuwa jikinta ya fi na tunkiya saurin fitar da magani, shi ya sa awonta ya fi yawa. Ya ce ƙungiyarsu za ta haɗa kuɗi su sayi sikeli, in zo mu auna garken kafin kaka.