Daga Shuɗin Dutsen Mambila Zuwa Hasken Da Ke Yanka Ƙarfe

Mazauna Jalingo sun san labarin shuɗin yakutu da ake haƙowa a Nguroje, bisa tsaunin Mambila. Amma ba kowa ya san cewa asalin dutsen garau yake kamar ruwa ba. Ɗan ƙarfe da titaniyam da suka shiga jikinsa su suka rina shi shuɗi. In kuwa kuromiyam ne, sai ya fito ja.

Da irin wannan jan yakutu, amma na haɗi, Theodore Maiman ya ƙera na'urar lesa ta farko a Amurka cikin 1960. Daga baya masana suka gwada itarbiyam, wani ƙarfe da aka gano cikin 1878. Akan sa shi cikin lu'ulu'un haɗi mai suna YAG. In aka haska masa haske mai tsawon zango nanomita 940, sai ya fitar da na 1030, wanda ido ba ya gani. Da yake tazarar kaɗan ce, kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin kawai ke zama zafi. Shi ya sa masana'antun mota ke yanka da walda da shi.

Cikin 1995 kuma Akio Ikesue na Japan ya nuna ana iya gasa garin YAG kamar tangaran, ya yi aikin lesa.

To, akasarin yakutun Mambila ɗanye yake fita waje, riba kuwa tana wurin wanda ya san cikin dutse. Wannan aiki ne da ke gaban ɗaliban kimiyya na Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo.