Sandar da ake giciyewa a kan inji: shin tana ƙara wa mota riƙon hanya?

Ranar Asabar, lokacin da ofisoshin Sakatariyar Tarayya suke rufe, garejin kanikawa na Apo da ke Abuja kan cika da motocin ma'aikata. Wani ya zo juyen baƙin mai, wani birki ne ke yi masa ƙara, wani kuma yana shirin kai iyali gida hutun Sallah. Daga cikin kayan da masu sayar da kayan ƙawata mota ke tallatawa akwai wata sanda ta ƙarfe ko alminiyam, sau da yawa ja ko shuɗiya, wadda ake giciyewa a saman inji daga mazaunin shakazoba na dama zuwa na hagu. Alƙawarin da ke biye da ita shi ne mota za ta kama ƙasa, ta daina lilo a kwana. Ga wanda albashi ke ƙare masa kafin wata ya ƙare, ya dace a san ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Aikin da sandar take yi

Yawancin ƙananan motocin da ke kan titunan Abuja, irin su Toyota Corolla da Camry, ba su da wani ƙashin ƙarfe na daban a ƙarƙashinsu. Jikin motar shi ne ƙashinta. A gabansu kuma ana amfani da tsarin da injiniyan Amurka Earle MacPherson ya ƙirƙiro a shekarun 1940, inda shakazoba da sifirin suke haɗe wuri guda. A wannan tsari shakazoba na aiki biyu: yana shanye gargada, kuma shi ne ke riƙe taya a tsaye daga sama. Kansa yana ɗaure da notuna a wani tudu na ƙarfe da ake gani a kowane gefe idan an ɗaga bonet.

Idan mota ta shiga kwana da gudu, nauyinta kan koma kan tayoyin waje, ƙarfin ya bi ta shakazoba ya isa wannan mazauni. Ƙarfen yakan ɗan lanƙwasa, abin da ido ba ya gani, sai tsayuwar taya ta ɗan sauya, fuskarta da ke taka kwalta ta ragu. Sandar tana haɗa mazaunan biyu domin su raba nauyin, ɗaya ya tallafi ɗaya.

Dabarar ta daɗe. Motar tsere ta Shelby GT350, wadda aka gina a kan Ford Mustang a 1965, ta fito da sanda tsakanin mazaunan biyu da kuma wani ƙarfen da ya ɗaure su da bangon da ke raba inji da direba. Nissan 350Z ma da sandarta take fitowa daga masana'anta. Kamfanoni ba sa ƙara wa mota nauyi da tsada a banza, saboda haka amfanin sandar gaskiya ne.

Inda amfanin ya tsaya

Sai dai motocin nan biyu an ƙera su ne don gudu da shan kwana mai tsanani. Lanƙwasar da sandar ke magancewa tana bayyana ne idan an matsa wa mota har tayoyinta sun kusa sakin ƙasa, kamar a filin tsere. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa motar gida kilomita 100 a awa a kan babban titi mai hannu biyu, da 50 a cikin gari. Ma'aikacin da ke fitowa daga Kubwa ko Nyanya da sassafe, yana tafiyar hawainiya a cunkoso, da wuya ya kai motarsa matakin da sandar za ta nuna kanta. Abin da mai lura zai iya ji, musamman a tsohuwar mota, shi ne sitiyari ya ɗan ƙara saurin amsawa.

Lilon da direbobi ke kuka da shi kuwa ba aikinta ba ne. Karkatar mota a kwana tana hannun sifirin da shakazoba da wata sanda daban da ke ƙarƙashin mota, wadda kanikawa ke kira sitabilaiza.

Ƙirar mota ma tana da tasiri. Honda Accord ta yi shekaru tana amfani da hannuwa biyu, na sama da na ƙasa, wajen riƙe tayar gaba, kafin ta koma tsarin MacPherson a samfurin 2013. A tsarin hannuwa biyu ba shakazoba ke tsayar da taya ba, don haka ribar sandar kan ragu. Su kuwa Hilux da Prado da ake gani a ayarin manyan jami'ai, ƙafafunsu na ɗaure ne da ƙashin ƙarfe mai kauri da ke ƙarƙashin jiki, ba su da buƙatar irin wannan sanda.

Akwai kuma illa. Sanda mai gaɓa a bakinta, wadda ke juyawa a kan noti ɗaya, ba ta kai wadda aka yi wa walda gam ƙarfi ba. Wata takan tare hanyar zuwa gwangwanin man birki, wata ta riƙa gogar bonet. Idan aka bugi mota ta gefe ɗaya, sandar na iya kai bugun zuwa ɗaya gefen, gyara ya zama biyu. Mafi haɗari shi ne tokumbon da ta fito daga yankunan da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ko wadda ta taɓa yin hatsari kafin a shigo da ita. Idan mazaunin shakazoba ya yi tsatsa ko ya tsage, ɗaura masa sanda gyaran gangar Auzinawa ne. Wurin mai walda ya kamata a nufa.

Abin da ya kamata ya riga ta

Duk riƙon da mota ke yi wa hanya yana ratsawa ne ta wurare huɗu, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Taya mai yawan shekaru takan bushe ko da zanenta bai cinye ba, kuma zanen da ya gaza milimita 1.6 ba ya iya korar ruwa a damina. Adadin iskar da ta dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, ba a ƙiyasin mai faci ba.

Bayan taya sai shakazoban da ke yoyon mai, da bushin da suka tsattsage, da boljoyin da ya yi sako-sako, da saitin ƙafa da ramuka suka ɓata. Kowanne daga cikinsu yana sa mota yawo a hanya fiye da duk wata lanƙwasar jiki. Wanda ya tsallake su ya sayi sanda ya bar jaki yana dukan taiki.

Ga mai sha'awar mota da ya gama waɗannan gyare-gyare, kuma yake da rarar kuɗi, sanda mai kyau da aka ƙera daidai da samfurin motarsa ƙari ce mai ɗan amfani. Ga magidancin da zai hau titin Kaduna ko na Lokoja da mata da yara a baya, kuɗin ya fi dacewa da tayoyi masu lafiya da bakaniken da zai shiga ƙarƙashin motar ya duba ta da kyau.