Tsutsotsin Faɗa-wuta da Tsirran da Suke Ci: Yadda Ake Gane Su a Ƙasar Fadan Kaje

Mafi yawan tsutsotsin da ke cin ganye a gona 'ya'yan faɗa-wuta ne, wato ƙwaron nan mai fukafukai masu ƙura da ke kewaya fitila da dare. Shi da malam-buɗe-littafi dangi ɗaya ne, kuma masana sun ƙididdige fiye da nau'i 150,000 a wannan dangi, kusan tara cikin goma faɗa-wuta ne. A Fadan Kaje da ƙauyukan ƙasar Bajju, cikin ƙaramar hukumar Zangon Kataf a kudancin Jihar Kaduna, damina kan fara tun watan Afrilu ta kai Oktoba. Wannan doguwar damina, tare da masara da dawa da wake da itatuwan daji, tana ba tsutsotsi abinci na watanni. Wasunsu na cinye gona, wasu ba ruwansu da amfanin gona, wasu ma abinci ne ko hanyar samun kuɗi. Rarrabe su shi ne matakin farko kafin a taɓa kwalbar magani.

Rayuwar faɗa-wuta hawa huɗu ce: ƙwai, tsutsa, kwanci, sannan ƙwaro mai fukafukai. A hawa na biyu kaɗai yake cin ganye. Tsutsar kan yi saɓa sau da yawa tana girma, launinta na iya sauyawa bayan kowace saɓa, shi ya sa launi kaɗai ba ya isa shaida. Idan ta ƙoshi sai ta shiga ƙasa, ko cikin kara, ko ta saƙa wa kanta gida, ta kwanta har ta rikiɗe. Uwar ba ta zuba ƙwai ko'ina. Takan nemi tsiron da 'ya'yanta za su iya ci. Don haka sanin tsiron da aka tarar da tsutsa a kai ya kan rage rabin aikin gane ta.

Abu na farko da ake dubawa shi ne ƙafafu. Tsutsar faɗa-wuta tana da ƙananan ƙafafu shida masu tsini kusa da kai, da wasu masu taushi a ciki da gindi waɗanda ba su wuce goma ba. Gwazarma, wadda 'yar buzuzu ce, tana da shidan gaba kawai, tsutsar ƙuda kuwa ba ta da ƙafa sam. Daga nan sai a duba kai, da ɗigo ko zane a baya, da gashi, da ƙaho a wutsiya. Sai kuma wurin da take ci: saman ganye, cikin kara, fure ko kwafso. Irin ɓarnar da kashin da ta bari su ma shaida ne, ko da ita kanta ta ɓuya.

A kan masara, wadda ta fi tayar da hankali ita ce baƙuwar tsutsa da masana ke kira Spodoptera frugiperda. Asalinta nahiyar Amurka ne, kuma a farkon shekarar 2016 aka fara tabbatar da ita a Afirka, Nijeriya na cikin ƙasashen farko. Alamominta biyu ne masu sauƙin gani: farin zane mai siffar harafin Y a kife a goshinta, da baƙaƙen ɗigo huɗu da suka yi murabba'i kusa da wutsiya. Uwar kan zuba ƙwai 100 zuwa 200 a wuri guda a kan ganye, ta rufe su da ƙurar jikinta. Ƙananan kan kankare fuskar ganye su bar shi shara-shara. Manyan kan shige tsakiyar masara, inda sabon ganye ke fitowa a naɗe, su bar kashi mai kama da garin katako. Suna cin junansu, shi ya sa da wuya a tarar da manya fiye da ɗaya ko biyu a tushe guda. A lokacin zafi, kimanin kwana 30 ke nan daga ƙwai zuwa sabuwar uwa, kuma uwar na iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya. Ta fi son masara, amma tana cin dawa da shinkafa da ciyayi iri-iri.

Tun kafin zuwanta akwai tsutsar kara, wadda manoman dawa suka daɗe da sani. Mafi shahara a wannan yanki ita ce Busseola fusca: jikinta fari-fari ne ko ja-ja, ba gashi, kanta ruwan ƙasa. Alamarta ƙananan huji a jere a kan ganye, sannan zuciyar shuka ta bushe alhali ganyen waje na nan kore, ko kara ya karye da ɗan iska. Da rani takan kwanta cikin busasshen kara har ruwa ya sauka. Karan da aka yi danga da shi ko aka jingine a bayan gida shi ke mayar da ita gona a shekara mai zuwa. Shimfiɗa kara a ƙasa rana ta dake shi, ko ba dabbobi tun da wuri, yana rage ta sosai.

Wake yana da tasa, Maruca vitrata. Ƙarama ce, fara-fara, mai baƙaƙen ɗigo a jere a kowace gaɓa. Takan shiga fure tun yana toho, ta haɗe fure da ganye ko kwafso biyu da zaren da take saƙawa, ta bar kashi a bakin hujin. Inda ta yi yawa, asara kan kai kashi 80 cikin ɗari. Saboda ita ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T a watan Disamba na 2019.

A lambun tumatir kuwa akwai Tuta absoluta, wadda manoman rani ke kira sharon. Tsawonta bai kai santimita ɗaya ba. Takan shiga tsakanin fata biyu na ganye ta cinye naman, ganyen ya yi fari ya bushe, sannan ta huda ɗan tumatir. Daga Kudancin Amurka ta fito, ta isa Sifen a 2006, kuma a watan Mayu na 2016 ɓarnarta ta sa gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir.

Akwai kuma manya-manyan tsutsotsi masu kaurin yatsa da ƙaho ɗaya a wutsiya, waɗanda ake gani a ganyen dankali da gwaza da riɗi. Girmansu kan firgita mutane, amma ƙahon ba ya harbi, kuma yawancin lokaci tsince su da hannu ya wadatar. Wadda ya kamata a yi hattara da ita ita ce gizaka, domin gashinta kan sa ƙaiƙayi da kumburi, musamman a jikin yara.

Itatuwan daji suna ɗauke da masu amfani. Da tsakiyar damina tsutsar kaɗanya, ta jinsin Cirina, kan cinye ganyen bishiyar ƙarƙaf, bishiyar kuma ta sake toho. Baƙa ce mai ratsin rawaya da ɗan farin gashi, kuma sau ɗaya take fitowa a shekara, sannan ta shiga ƙasa a gindin bishiyar ta jira wata damina. A ƙasar Nufawa, inda ake kiranta manimani, da wajen Bobo-Dioulasso a Burkina Faso, ana tafasa ta a shanya a kai kasuwa, kuma fiye da rabin nauyin busasshiyar furotin ne. Tsutsotsin jinsin Anaphe kuwa, waɗanda wasunsu ke cin ganyen doka da tsamiya, sukan taru su saƙa gida ɗaya babba. Daga irin wannan gida ake samun zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi. Sare kaɗanya da doka don gawayi yana tafiya da waɗannan duka. Sai dai ba kowace tsutsa ce ya kamata a ci ba: a ƙasar Ijesha, cin wata Anaphe da damina ya jawo ciwon karkarwa da tangaɗi, saboda wani sinadari a jikinta da ke lalata bitamin B1.

Idan tsutsa ta gagara ganewa, ana iya kiwonta. A sa ta cikin kwalba tare da ganyen tsiron da aka same ta a kai, a zuba ƙasa kaɗan a gindi, a rufe baki da tsumma, a riƙa sauya ganye kullum har faɗa-wuta ya fito. Hoton tsutsar daga sama da gefe, da na ganyen, zai taimaka wa malamin gona ya faɗi sunanta.

Duba gona ya fi kyau da sassafe ko da yamma, aƙalla sau ɗaya a mako tun masara na ƙarama. A tsaya wuri biyar a sassan gona dabam-dabam, a bincika tushe goma a kowane wuri, a murje ƙwan da aka gani. A kuma lura da masu taimako: zanzaro yana kwasar tsutsotsi ya cika gidansa na laka da su, haka cinnaka da tsuntsaye suna rage su. Feshin da aka yi ba tare da sanin abokin gaba ba yakan kashe waɗannan, ya bar tsutsar da ta riga ta shige kara ko kwafso. Manomi ya fara sanin tsiron, ya gane tsutsar, ya ƙiyasta yawanta, sannan ya nemi shawarar malamin gona a kan abin da ya dace.