Yadda Ƙasashen Duniya Ke Yin Shawara a Zamanin Annoba da Intanet

'Yan'uwana ɗalibai, sa'ad da na ke gwajin koyarwa, ran nan muna darasin labarin ƙasa sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, tun da yanzu kowa na iya ganin kowa ta waya, don me shugabanni su ke ɓarnar kuɗi suna tafiya Amurka taro?" Na ba shi amsa, amma ni kaina ba ta gamshe ni ba. Don haka na koma na bincika, ga kuwa abin da na samo, ko ya yi wa waninku amfani ran da aka yi masa irin wannan tambaya.

Da fari sai mu san wurin da a ke maganar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a shekarar 1945, ƙasashe 51 suka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, domin kowace rigima a kawo ta gaban jama'a tun ba ta zama yaƙi ba. Nijeriya ta shiga ran 7 ga Oktoba 1960, ita ce ta 99. Yanzu ƙasashen sun kai 193. Akwai Babban Zaure a birnin Niyok, inda kowace ƙasa, babba ko ƙarama, ta ke da ƙuri'a ɗaya. Akwai kuma Kwamitin Sulhu mai wakilai 15. Biyar daga cikinsu, watau Amurka da Ingila da Faransa da Rasha da Sin, ba a sauke su, kuma in ɗayarsu ta hau kujerar na-ƙi, to, magana ta mutu ko da sauran 14 sun yarda.

Shekara 75 ana wannan aiki ido da ido. Sai ga annobar korona. Ran 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta game duniya, a cikin watan nan kuwa aka daina zama a zauren Kwamitin Sulhu. Jakadu suka koma gidajensu, kowa ya zauna gaban kwamfuta yana duban 'yan'uwansa a allo. Nan da nan wahaloli suka bayyana. Majalisar tana aiki da harsuna shida, amma da farko ba a sami hanyar sa tafinta a cikin na'urar ba, sai aka yi ta magana da Ingilishi kaɗai. Ba a kuma lissafa waɗannan tarurruka cikin zama na ka'ida ba. In za a kaɗa ƙuri'a, sai a ba kowane jakada awa 24 ya aiko da tasa a rubuce.

A Babban Zaure kuwa, wanda ke shugabanci a lokacin namu ne, Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, mutumin Jihar Kebbi. A hannunsa aka shirya wata dabara wadda ta yi daidai da abin da Hausawa kan ce, shiru ma magana ce. Sai shugaba ya aika wa dukan ƙasashe da takardar abin da a ke so a zartar, a jira awa 72. In ba wadda ta yi gardama, an zartar ke nan. Dabarar ta hana aiki tsayawa, amma ku lura da aibinta. Ƙasa ɗaya tak in ta ce ba ta yarda ba, shi ke nan, gama babu halin a ƙirga masu so da masu ƙi. Ashe a 'yan watannin nan kowace ƙasa ta sami kujerar na-ƙi tata.

Da watan Yuni ya zo, lokacin zaɓen sababbin wakilan Kwamitin Sulhu, sai na'ura ta kasa sam. Ƙuri'ar asiri a ke yi, ba kuwa ƙasar da ta amince ta aika da asirinta ta waya. Tilas jakadu suka zo da ƙafarsu, hanci da baki a rufe, kowa da sa'ar da aka yanka masa, ya jefa takarda cikin akwati ya fita. A wannan zaɓe ne Kenya ta ka da Jibuti. A watan Satumba kuma, lokacin babban taron shekara, shugabanni ba su je ba. Kowa ya ɗauki jawabinsa a bidiyo ya aika, aka nuna a zaure.

To, jawabi kam ya isa inda aka aike shi. Amma jawabi ba shi ne ainihin aikin ba. Duk wanda ya taɓa ganin an sasanta rikicin gona a ƙauye ya sani ba a gaban taro a ke gama magana ba. Dattijo ya kan ja wannan gefe ya rarrashe shi, ya ja wancan ya tsorata shi kaɗan, sa'an nan a dawo gaban mai gari a faɗi abin da aka riga aka shirya. Hakanan jakadu su ke yi a barandar zaure da wurin shan shayi. A allo kuwa ba gefen da za ka ja mutum, ba ka kuma san wanda ke sauraro a bayansa ba.

Ga misali. Ran 23 ga Maris 2020 Babban Sakatare Antonio Guterres ya roƙi duk masu yaƙi a duniya su ajiye makamai saboda annoba. Sai ran 1 ga Yuli Kwamitin Sulhu ya goyi bayansa, fiye da wata uku ke nan, domin Amurka da Sin suna jayayya a kan ko za a ambaci Hukumar Lafiya ta Duniya a takardar. Saƙo yana zuwa cikin ƙiftawar ido, amma zukata ba su yi saurin haka ba.

Ku gwada wannan da abin da ya faru a 2022. Da Rasha ta auka wa Yukren, jiragen ruwa masu ɗauke da alkama suka maƙale a Baƙin Teku, abinci ya yi tsada har a kasuwannin Afirka. A watan Yuli aka taru a Santambul, Rasha da Yukren kowace ta sa hannu dabam tare da Turkiyya da Majalisar, aka kuma buɗe ofis inda mutanen ɓangarorin huɗu su ke zaune suna duba jirage. Kafin Rasha ta janye a Yuli 2023, an fitar da hatsi kusan tan miliyan 33. Abokan gaba ne, amma da aka zaunar da su wuri ɗaya an sami abin da aka samu.

Wannan yaƙi ya kuma jawo wani gyara. A watan Afrilu 2022, bisa shawarar wata 'yar ƙaramar ƙasa ta Turai mai suna Liktanstain, aka ƙulla cewa duk ran da wata babba ta hau kujerar na-ƙi, Babban Zaure zai zauna cikin kwana 10 na aiki a tattauna dalilinta. Ba a ƙwace mata ikon ba, amma an sa ta jin kunyar idon jama'a.

Har wa yau, na'urar da kanta ta zama abin shawara. A Satumba 2024 shugabanni suka amince da wata yarjejeniya a kan intanet da ƙirƙirarriyar basira, watau kwamfutar da ke kwaikwayon tunanin mutum. Babban abin da ke ciki shi ne a kai intanet ga kowa. Wannan ya shafe mu ƙwarai, gama a wannan shekara an ƙiyasta mutum biliyan 2.6 ba su da intanet, a Afirka kuwa 38 ne kawai cikin ɗari su ke da shi. Taro ta waya yana rage wa matalauciyar ƙasa kuɗin jirgi da na masauki, wannan gaskiya ne. Amma in wutar lantarki ta ɗauke ana tsakiyar magana, wakilinta ya fita daga taron ke nan ba da sonsa ba.

Saboda haka in na koma ajin nan, ga abin da zan gaya wa yaron. Waya ta isa a aika da jawabi da takarda, ta kuma hana aiki mutuwa ran da hanya ta toshe. Amma amana ba ta bin waya, sai an zauna an dubi juna, shi ya sa da annoba ta lafa jakadu suka koma zaurensu. Mu kuma da za mu riƙe aji gobe, sai mu koya wa yara amfani da na'ura, mu kuma koya musu zama da wanda ba su yarda da ra'ayinsa ba su saurare shi har ya gama. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.